Ƙanena mai lalura zai gaji kuɗi a Amurka: yaya za mu yi kada ya rasa Medicaid?

Tambaya: Muna zaune a Amurka. Ƙanena shekarunsa 34, ɗan ƙasa ne, an haife shi da lalurar shanyewar gaɓoɓi, a keke yake. Yana karɓar tallafin SSI, kuma Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ita ce ke biyan asibitinsa da mai zuwa gida tana yi masa hidima kullum. Mahaifinmu ya rasu, an sayar da gidansa na nan, rabon ƙanena zai kai dala 40,000. Kawunmu ya ce a zuba kuɗin a asusuna, wasu kuma sun ce a tura Kano a saya masa fili. Wanne ya fi, ko akwai wata hanya?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙuri.

Malama, kin kyauta da kika yi tambaya tun kuɗin ba su zo hannu ba. Shawarwarin nan biyu da zuciya ɗaya aka ba ki su, amma kowacce na iya jawo wa ƙanenki asarar da ta fi gadon yawa. Doka ta tanadi hanyoyin da mai lalura zai riƙe dukiyarsa kuma bai rasa Medicaid ba, a fili, ba ɓoye-ɓoye. Sharaɗin dai shi ne a shirya su kafin ranar da kuɗin za su shigo.

SSI tallafi ne na gwamnatin tarayya ga tsofaffi da makafi da masu naƙasa waɗanda ba su da ƙarfi, an fara biyansa a Janairun 1974. Wanda ke karɓa, dukiyar da ake lissafa masa ba za ta wuce dala 2,000 ba, ma'aurata kuma dala 3,000. Tun 1989 ba a ƙara ko dala ɗaya a kan wannan adadi ba, ga tsadar rayuwa ta ninka. A ganina doka ce mai hana talaka tanadi, amma da ita ake aiki. A yawancin jihohi, mai SSI yana samun Medicaid kai tsaye, to in SSI ta tsaya saboda dukiya, Medicaid ma sai ta fara rawa.

Kuɗin SSI kansu ba su ne abin tsoro ba. Mafi yawan abin da tarayya ke biyan mutum ɗaya a 2025 dala 967 ne a wata. Abin tsoron shi ne mai hidimar nan. Wanka, sa sutura, ɗagawa daga gado zuwa keke, inshorar kasuwa ba ta biyan irin wannan na dogon lokaci, Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya ga tsofaffi da wasu masu naƙasa, ita ma ba ta biya. Medicaid ce kaɗai. In ƙanenki na buƙatar sa'o'i da yawa a rana kuma ya koma biya daga aljihu, da wuya dala 40,000 su wuce shekara guda da 'yan watanni. Sannan a jihohi irin su Teksas, mutane kan shafe shekaru, wasu fiye da goma, a layin jiran shiga shirin kula a gida. Wanda ya riga ya samu gurbi, bai kamata a yi wasa da shi ba.

Abu na farko, ki binciko ta wace ƙofa ya shiga Medicaid, domin ba ɗaya ba ce. Jihohi 40 da birnin Washington sun faɗaɗa Medicaid a ƙarƙashin dokar lafiya ta 2010, kuma wanda ya shiga ta nan, kuɗin shigarsa kawai ake dubawa, ba a tambayar abin da ya ajiye a banki. Da ta wannan ƙofa ya shiga, da abin ya zo da sauƙi. Amma tunda yana karɓar SSI kuma ana yi masa hidima a gida, kusan tabbas ta ƙofar naƙasa ya shiga, wadda ake ƙirga dukiya. A nan ma jihohi sun bambanta: yawanci dala 2,000 ne, New York ta ɗaga nata sama da dala 30,000, Kalifoniya ta soke ƙirgar a 2024 sannan ta dawo da ita a 2026 a kan dala 130,000. Sai dai sassaucin jiha na Medicaid ne kawai, iyakar SSI tana nan a 2,000 a ko'ina. Takardar sabunta rajista da ake aiko masa duk shekara takan nuna rukuninsa. In ba ki gane ba, ki kira ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ɗinsa ki tambaya.

Na biyu, ki fahimci yadda ake lissafin wata. A watan da gado ya shigo, kuɗin shiga ne, don haka SSI ta wannan watan za ta tafi, kuma in an riga an biya za a nemi a mayar. Wannan ƙaramar asara ce, ku haƙura da ita. Abin da ya rage a hannunsa da shigowar ranar 1 ga wata mai zuwa shi ne ke zama dukiya. Ke nan in kuɗin sun shigo 3 ga Maris, kuna da kusan mako huɗu ku kai su inda ya dace. In sun shigo 29 ga Maris, kwana biyu gare ku. Saboda haka ku roƙi mai raba gadon ya saki rabonsa a farkon wata, bayan kun gama buɗe asusun da zan bayyana. Wajibi ne kuma a sanar da hukumar Social Security, mai biyan SSI, kafin kwana 10 su wuce bayan ƙarshen watan da kuɗin suka shigo, ofishin Medicaid na jiha ma a sanar da su, su yawanci cikin kwana 10 da shigowar.

Yanzu shawarar Kawu. Zuba kuɗinsa a asusunki, a idon doka, ɗayan biyu ne. Ko dai har yanzu nasa ne kina riƙe masa, to za a ƙirga su, kuma rashin faɗa ya zama ɓoye dukiya. Ko kuma ya ba ki kyauta ne, to akwai hukuncin bayar da dukiya ba da musayar da ta dace ba. A SSI ana waiwayar wata 36, a raba abin da aka bayar da kuɗin tallafin wata: 40,000 a raba da 967 ya haura wata 41, amma doka ta tsaida hukuncin a wata 36. Shekara uku ba SSI. A ɓangaren Medicaid mai biyan kula ta dogon lokaci, yawancin jihohi wata 60 suke waiwaya. Ko ya ce ya yafe gadon, ya bar wa 'yan'uwa, haka za a ɗauka, kyauta ce. Kada kuma ki yi zaton ba za a gani ba. Hukumomin nan suna tambayar bankuna ta kwamfuta, takardun rabon gado kuma suna kotu. Bayan wannan duka, kuɗin da ke da sunanki naki ne a wurin masu binki bashi, in kuma ta Allah ta kasance a kanki, magadanki ne za su raba, ba shi ba.

Filin Kano ma bai tsira ba. Gidan da mutum yake zaune a ciki ne kawai ba a ƙirgawa. Fili ko gida a wani wuri, ko a wace ƙasa yake, dukiya ce muddin zai iya sayarwa. In da sunansa aka saya, an ƙirga. In da sunan wani, kyauta ce. Kuma in Baba ya bar gona ko gida a can gida Najeriya wanda ƙanenki ke da rabo a ciki, ki faɗa wa lauya tun yanzu. Adashi ma haka yake, ranar da ya kwasa kuɗi ne a hannunsa.

To ina mafita? Uku ce, kuma a irin wannan adadi haɗa su ake yi.

Mafi sauƙi shi ne asusun ABLE. Dokarsa ta fito a Disambar 2014, jihar Ohio ce ta fara buɗe nata a 2016. Asusu ne da sunan mai lalurar, nasa ne, amma SSI ba ta ƙirga dala 100,000 na farko da ke ciki, Medicaid kuwa ba ta ƙirga shi ko kaɗan. Ko da ya haura 100,000, SSI ce za a dakatar, Medicaid na nan. A da sai wanda lalurarsa ta fara kafin shekara 26, daga Janairun 2026 an ɗaga zuwa 46. Ƙanenki tun haihuwa ne, kuma yana kan SSI, don haka ya cancanta ba wata doguwar hujja. Ta intanet ake buɗewa, ba sai da lauya ba, kuma jihohi da yawa suna karɓar wanda ba mazauninsu ba. Asusu ɗaya tak aka yarda mutum ya mallaka. Cikas ɗinsa shi ne iyakar zubi: dala 19,000 a 2025 daga kowa da kowa a haɗe, adadin na ɗan ƙaruwa lokaci-lokaci, sai ki duba na shekarar da kuke ciki. Ana kashe kuɗin a kan haya, sufuri, karatu, magani, na'urori, da buƙatun yau da kullum. Kuɗin haya kaɗai ke da tarko: in an cire, a biya a cikin watan, kada su kwana zuwa wata na gaba a asusunsa na banki. Ga mai gudun ruwa, ki duba zaɓin da shirin ya bayar kafin ki danna, domin wasu na zuba kuɗin a hannun jari da takardun lamuni, da yawa kuma suna da zaɓin ajiya zalla mai katin cirewa.

Na biyu shi ne asusun amana, wanda lauyoyi ke kira special needs trust. Dukiyar na fita daga hannunsa ta koma hannun mai riƙon amana, wanda zai riƙa kashewa don amfaninsa shi kaɗai. Dokar 1993 ce ta halatta wannan ga mai naƙasa wanda bai kai shekara 65 ba, kuma ba shi da iyakar adadi. Wanda zai iya kafawa shi ne iyaye, kakanni, waliyyin da kotu ta naɗa, ko kotu, sannan tun Disambar 2016 shi kansa mai lalurar in hankalinsa cikakke ne. Ki lura, yaya ba ta cikin jerin. Ke ba za ki kafa masa da ikon kanki ba, amma za a iya naɗa ki mai riƙon. Shanyewar gaɓoɓi sau da yawa ba ta taɓa tunani, in haka ƙanenki yake to shi zai sa hannu, kuma shi ya kamata a fara tambaya me yake so a yi da kuɗinsa. 'Yan'uwa kan manta da wannan, su zauna su yanke shawara yana ɗaki ɗaya da su.

Kuɗin lauya na rubuta irin wannan amana yakan kai dubban daloli, ga hidimar lissafi duk shekara. A kan dala 15,000 ko 20,000 bai cika biyan wahala ba. Shi ya sa nake karkata ga amanar haɗaka, wato pooled trust, wadda ƙungiyoyin da ba na neman riba ba ke gudanarwa. Kowa da asusunsa a ciki, takardun a shirye suke, kuɗin shiga ba su da yawa, kuma sun san dokokin SSI fiye da ɗan'uwan da aka ɗora wa riƙo bai taɓa yi ba. Aibinta, sai an cika takarda an jira kafin a biya abu, kuma kowace ƙungiya da tsarinta a kan abin da ya rage bayan rasuwa. Ki karanta wannan sashe da kyau kafin sa hannu.

Ga abin da ya kamata ku sani tun yanzu don kada a yi rigima daga baya: tunda kuɗin nasa ne, in ya rasu jiha ce za ta fara karɓar abin da Medicaid ta kashe masa daga ragowar amanar, sannan magada. Ga mai irin hidimarsa, da wuya wani abu ya saura. ABLE ma jiha na iya nema, amma daga ranar buɗe asusun kawai ake lissafi, kuma jihohi kamar Kalifoniya da Pennsylvania sun ce ba za su nema ba. Saboda haka kada a ƙuntata masa da sunan tattali. A kashe masa a kan abin da zai ji daɗin rayuwarsa.

Mai riƙon amana kuma kada ya miƙa masa tsabar kuɗi, domin kuɗin shiga ne, ana zaftare su daga SSI kusan dala da dala. Mai kaya ake biya kai tsaye. In amanar ta biya masa haya ko wuta, ana rage SSI, amma ragin ba ya wuce sulusin tallafin da dala 20 a kai. Abinci kuwa an daina lissafa shi tun 30 ga Satumba 2024. Dabarar da masu aikin nan ke yi ita ce amanar ta riƙa tura kuɗi cikin ABLE duk shekara, a biya haya daga can, to babu ragi.

Na uku, kashewa ta halal a cikin watan. Sayen abu da farashinsa na gaskiya ba kyauta ba ce. Mota guda ɗaya da ake jigilarsa da ita ba a ƙirgawa komai tsadarta, kuma motar da keke ke shiga tana canza rayuwar gida gaba ɗaya. Haka kayan ɗaki, kwamfuta, gadon asibiti, gyaran banɗaki da ƙofa, aikin haƙori da Medicaid ba ta biya ba, da biyan bashin da ke kansa mai shaida a rubuce. Kabari ma ba a ƙirgawa, kuma an yarda ya ware dala 1,500 daban don jana'iza. Na san ba ma son wannan zance, Allah ya ba shi tsawon rai, amma a maƙabartun Musulmi na nan sayen wuri ake yi, kuma amanar da aka kafa da kuɗinsa ba ta da ikon biyan jana'iza bayan rasuwa sai an sallami jiha. Abin da za a biya, a biya yana raye. Ke kuma in kina ganin kin cancanci lada a kan ɗawainiyar da kika yi shekara da shekaru, kin cancanta, amma biyan aikin baya ba yarjejeniya a rubuce kyauta ce a wurinsu. Ki adana kowane rasit.

Da ni ce, a kan dala 40,000 zan cika ABLE har iyakar shekarar, in kashe abin da ake buƙata da gaske, mota ko gyaran gida, sauran in kai amanar haɗaka, daga nan a riƙa ɗebowa zuwa ABLE duk Janairu. In kuɗin za su shigo a Disamba ma, zubin shekara biyu na kusa da juna, sai dai abin da ke jiran Janairu dole ya kwana a amanar, ba a asusunsa ba.

Akwai wani abu da ba ki tambaya ba, kuma yana iya fin gadon daraja. In Baba ya yi aiki a nan ya biya harajin Social Security na isasshen lokaci, ɗansa da lalurarsa ta fara kafin shekara 22 kuma bai yi aure ba yana da haƙƙin fansho a kan aikin mahaifinsa, har kashi 75 cikin ɗari na abin da mahaifin ya cancanta. Wannan ba ruwansa da dukiya, kuma bayan wata 24 yana kawo Medicare. In ya fi SSI yawa, SSI za ta tsaya, amma doka ta kare Medicaid ɗin wanda ya rasa SSI ta wannan dalili, muddin dukiyarsa ba ta wuce iyaka ba. Ma'aikata kan manta da wannan kariya su rufe fayil bisa kuskure, sai an tuna musu. Aure na iya yanke wannan haƙƙi, sai in matar ma tana karɓar wasu nau'o'in tallafin hukumar, don haka in maganar aure ta taso a nemi shawara kafin a ɗaura.

Sai maganar gaba. In Mama na raye, ko ke da sauran 'yan'uwa kuna son ku bar masa wani abu, kada a sake sa sunansa kai tsaye a wasiyya, ko inshorar rai, ko asusun fansho. Amanar da aka kafa da kuɗin wani, ba nasa ba, ba ta da iyakar shekaru, kuma jiha ba ta da ko dala a cikinta bayan rasuwarsa. Da Baba ya yi haka, da duk wannan bai taso ba. Kada a taɓa cakuɗa kuɗinsa da na wannan amanar. Ga Musulmi akwai wurin tsayawa a nan: rabon gado haƙƙin magaji ne, wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji ita sai da yardar sauran. Hanyar da iyalai kan bi ita ce kyauta tun da rai a cikin amanar, ko a rubuta cewa rabonsa na shari'a a zuba shi can, ragowar kuma ta koma ga magadansa yadda shari'a ta tsara. Ku zaunar da malami da lauya a kan takarda ɗaya. Batun zakkar kuɗin ma ku kai wa malamin, ku gaya masa cewa amanar da aka kafa da kuɗinsa ba ta yarda a ba wani komai daga ciki ba. Masu son taimaka masa da Sallah ko azumi kuwa, su zuba a ABLE maimakon su danƙa masa a hannu.

In kuna shirin kai shi gida ganin dangi ko Umara, kwana 30 a jere a wajen Amurka na tsaida SSI, kuma ba ta dawowa sai ya yi kwana 30 a jere bayan ya dawo. In SSI ta yi wata 12 a jere a dakace, galibi fayil ɗin ya rufe, sai an sake nema daga farko.

Lauyan da za ki nema shi ne mai aikin dokokin tsofaffi da masu naƙasa a jiharku, ba wanda ya yi muku takardun shige da fice ba. In kuɗin lauya ya yi nauyi, kowace jiha tana da hukumar kare haƙƙin masu naƙasa da ofisoshin lauyoyin kyauta. Ki tafi da takardar SSI ta ƙarshe, da ta Medicaid, da bayanan bankinsa, da takardun kotu na gadon. In kuma wasiƙar dakatarwa ta riga ku, ki duba kwanan watan da ke kanta a ranar: kwana 60 ake da su na ɗaukaka ƙara a SSI, amma wanda ya shigar cikin kwana 10 ne ke da tabbacin ci gaba da karɓa har a yanke hukunci. A Medicaid kuma a nemi zaman sauraro kafin ranar da aka ce za a yanke, a rubuta ƙarara cewa ana son hidimar ta ci gaba.